Izinin hawa fagen tseren keke mai rufi: yadda ake samunsa da hanyar da ke gaban matashin Kurfai

A Filinge da ƙauyukan ƙasar Kurfai, keke abin sufuri ne kafin ya zama abin wasa. Da shi ɗan makaranta ke zuwa aji, da shi ake kai jarkar ruwa gida, da shi kuma ake shigowa kasuwar Lahadi daga ƙauyukan da ke bakin Dallol Bosso. Lokacin da hukumomi suka hana zirga-zirgar babura a jihar Tillaberi a farkon shekarar 2020 saboda matsalar tsaro, darajar keke ta ƙaru a idon jama'a. Babu wanda ke tambayar mai keke takarda. Yaro ya koya a bayan gida, ya faɗi sau biyu ko uku, shi ke nan ya zama gwani.

Amma akwai wurin da ba a barin mutum ya hau keke sai da izini, ko da kuwa ya fi kowa gudu a garinsu. Wurin shi ne fagen tseren keke mai rufi, wanda ake kira belodurom, irin wanda masu kallon wasannin Olamfik ke gani a talabijin. Izinin da ake bayarwa a can ba shaida ba ce ta ƙarfi ko ta gudu. Shaida ce cewa mutum zai iya tafiya a tsakiyar wasu masu keke ba tare da ya kayar da kowa ba.

Mene ne belodurom?

Belodurom zaure ne babba da aka gina fagen tsere a cikinsa. Fagen zagayayye ne mai ɗan tsawo, yana da miƙaƙƙun ɓangarori biyu da kwana biyu. A wasannin Olamfik da gasar duniya, tsawon zagaye ɗaya mita 250 ne, wato zagaye huɗu ke yin kilomita ɗaya. Faɗinsa ba ya kasa mita 7 a filayen manyan gasa. Akasarin filaye masu rufi da katako ake shimfiɗa su, siraran katakai dubbai da aka jera aka goge suka yi sumul.

Abin da ya bambanta shi da hanyar gudu ta mita 400 da ke kewaye da filin ƙwallo shi ne karkata. Fagen ba a shimfiɗe yake ba. Yana kama da cikin akushi: gefensa na waje ya ɗaga sama. A miƙaƙƙen ɓangare karkatar ba ta wuce digiri 12 ko 13 ba, amma a kwana tana kaiwa digiri 42 zuwa 45. Wanda ya taɓa hawa gangaren duwatsun da ke gefen Dallol ya san abin da wannan ke nufi. Mutum ba ya iya tsayawa a tsakiyar kwana da takalmi ba tare da ya sulɓe ba.

To, me ke riƙe keke a irin wannan gangare? Gudu ne. Kamar yadda ruwa ke zama cikin guga idan aka wulwula shi da sauri, haka gudu ke manna taya da katako. Idan gudun ya ragu sosai, taya ta sulɓe ko feda ta taɓa katako, mai keke ya gangaro ƙasa. Shi ya sa masu koyarwa kan gargaɗi sabon shiga kada gudunsa a kwana ya yi ƙasa da kimanin kilomita 25 zuwa 30 a awa. Manyan ƴan tsere kuwa suna wuce haka nesa. A wasannin Olamfik na Paris a 2024, Harrie Lavreysen na ƙasar Holan ya yi mita 200 cikin daƙiƙa 9.088, wato kusan kilomita 79 a awa.

Layukan da ke kan fage

Kowa yana zagayawa ta gefe ɗaya, akasin tafiyar hannun agogo, kwana tana hannun hagu. An zana layuka masu launi a kan katakon, kuma sanin su shi ne darasi na farko.

A can ƙasa akwai shimfiɗaɗɗen wuri da ake fara tafiya da tsayawa a kansa. Sama da shi akwai faffaɗan zane mai launin shuɗi mai haske, wanda Faransawa ke kira côte d'azur. Shi ne mashiga da mafitar fage, ba a yin tsere a kansa. Daga nan sai baƙin layi, mai tazarar santimita 20 daga bakin fage na ciki, kuma a kansa ake auna tsawon zagayen. Sama da shi kaɗan akwai jan layi, mai tazarar santimita 85 daga bakin fage. Tsakanin baƙi da ja shi ne hanya mafi gajarta, kuma a lokacin tsere ba a ratsa wanda ya riga ya kama ta ta hannun hagunsa. A can sama, wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗin fage, akwai shuɗin layi. A lokacin atisaye, masu jiran lokacinsu ko masu hutawa a sama da shi suke tafiya, su bar ƙasa ga masu gudu.

Keken da ba shi da burki

Keken fage ya bambanta da wanda ake sayarwa a kasuwa ta hanyoyi uku. Na farko, ba shi da burki ko ɗaya. Na biyu, giyarsa ɗaya ce, ba a canza ta a kan tafiya. Na uku, sarƙa ta haɗe feda da tayar baya kai-tsaye: muddin taya na juyawa, feda ma na juyawa. Wanda ya saba ya saki ƙafa keke ya ci gaba da gangarawa, a nan ba zai iya ba. Idan ya manta ya daina murzawa, feda za ta tura ƙafarsa da ƙarfi har ta ɗaga shi daga sirdi. Takalmin kuma a maƙale yake da feda, ba a sauke ƙafa a ƙasa yadda aka ga dama.

An cire burki ne da gangan, domin kare lafiya. Masu keke suna bin juna a layi, tazarar da ke tsakanin tayar gaba ta wani da tayar baya ta wani ba ta wuce taku ɗaya ba. Da a ce na gaba zai iya taka burki farat ɗaya, duk na bayansa za su afka masa. Ana rage gudu ta hanyar sassauta murza feda a hankali, ko kuma a haura saman gangare kaɗan. Tsayawa cak na iya ɗaukar zagaye ɗaya ko fiye.

Dalilin neman izini

Idan aka haɗa abubuwan nan uku, gangare da rashin burki da cunkoso, za a ga dalilin. A kan titi, wanda ya yi kuskure galibi shi kaɗai ke faɗuwa. A kan fage, wanda ya faɗi a saman kwana yana gangarowa ne a gaban waɗanda ke ƙasa, kuma ba su da abin tsayawa. Kuskuren mutum ɗaya na iya kayar da goma. Raunukan da aka fi gani su ne karayar ƙashin wuya na kafaɗa, ƙujewar fata da sartsen katako.

Saboda haka hukumar kowane belodurom ke tsara matakan koyo, kuma ba ta barin mutum ya shiga atisayen jama'a ko tsere sai mai koyarwa ya sa hannu cewa ya iya. Ƙwarewa a tseren titi ba ta ɗauke wa mutum wannan ba. Sau da yawa ma mai ƙarfi ya fi ba masu koyarwa wahala, domin ƙafarsa ta riga idonsa.

Matakan da ake bi

Tsarin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har ma daga fage zuwa fage. A Ingila, belodurom na Manchester, wanda aka buɗe a 1994, da na Landan, wanda aka gina domin wasannin Olamfik na 2012, suna bin matakai huɗu. A Faransa, a filaye irin na Saint-Quentin-en-Yvelines kusa da Paris, wanda aka buɗe a 2014, da na Roubaix a arewacin ƙasar, ana farawa ne da hawan gwaji da suke kira baptême, kafin a shiga darussa. Sunaye sun bambanta, amma abin da ake koyarwa kusan ɗaya ne.

Matakin farko shi ne sabawa. Yakan ɗauki kamar awa ɗaya, da keken haya. Mutum yana koyon tashi daga jikin shinge, maƙala takalmi a feda, zagayawa a shimfiɗaɗɗen wuri, da tsayawa ba burki. Idan hankalinsa ya kwanta sai ya hau baƙin layi, daga nan ya riƙa haurawa sama kaɗan-kaɗan.

Mataki na biyu shi ne tafiya a layi da wasu. Ana koyon bin tayar na gaba da tazara madaidaiciya, ana farawa da tsawon keke ɗaya ana ragewa. A nan ne ake koyon karɓa-karɓa: wanda ke gaba shi iska ke duka, don haka bayan zagaye ɗaya ko rabi sai ya waiwaya dama, ya haura sama a kwana, layi ya wuce ta ƙarƙashinsa, sannan ya sauko ya kama bayan na ƙarshe.

Mataki na uku shi ne tafiya cikin taro. Ana jera layi biyu kafaɗa da kafaɗa, ana ratsa tsakanin masu keke, ana canza gudu, ana fita daga taro a zagayo a sake kama shi ta baya. Mai koyarwa yana lura da ko mutum na riƙe layinsa, ko yana waiwayawa kafin kowane motsi, da ko yana jin umarni cikin hayaniya.

Mataki na huɗu jarrabawa ce. Ana maimaita duk abin da aka koya a gaban mai tantancewa, ba tare da ana tunatar da mutum ba. Ba a cika faɗuwa don rashin gudu ba. Abin da ke kayar da mutane shi ne canza layi ba waiwaye, barin tayar gaba ta shiga gefen tayar bayan wani, ko rage gudu ba zato. Wanda bai ci ba yana komawa ya maimaita matakin da ya gabata, kuma ba abin kunya ba ne. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Abu biyu ya kamata a sani game da takardar. Na fage ɗaya ce, wani fagen na iya neman ya sake gwada mutum kafin ya amince da ita. Wasu filaye kuma suna soke ta idan mutum ya daɗe bai hau ba.

Ƙa'idodin da ba sa canzawa

Duk inda aka je, waɗannan ƙa'idodi suna nan:

- Ba a daina murza feda sai keke ya tsaya.
- Ana waiwayawa kafin a shiga fage, kafin a haura sama, da kafin a sauko.
- Ana wuce mutum ta hannun damansa, wato ta sama, ba ta ƙasa ba.
- Ido yana kan abin da ke gaba da nisa, ba kan tayar na gaba kaɗai ba.
- Hular kwano wajibi ce. Ana son safar hannu da riga biyu, domin idan aka sulɓe riga ta goga da riga maimakon fata ta goga da katako.
- Ba a hawa da gorar ruwa, ko waya a kunne, ko wani abu da zai iya faɗowa kan fage.
- Taya ta zama mai tsabta. Ƙura ko mai a jikinta na sa sulɓi.
- Idan wani ya faɗi a gaba, ana kauce masa ta sama, domin ƙasa yake gangarowa.

Izini daban, lasisi daban

Mutane kan haɗa takardu biyu da ba ɗaya ba ne. Izinin fage hukumar belodurom ce ke bayarwa. Lasisin ɗan tsere kuwa hukumar tseren keke ta ƙasa ce ke bayarwa, a ƙarƙashin dokokin hukumar tseren keke ta duniya, UCI, wadda aka kafa a 1900 kuma cibiyarta ke garin Aigle na ƙasar Suwizalan. Bisa ƙa'idar UCI, mutum yana karɓar lasisi ne a ƙasar da yake zaune. Lasisin na shekara ɗaya ne, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, kuma yana ɗauke da lambar shaida mai alƙaluma 11 da ke bin ɗan tsere duk inda ya je.

Ga mazaunin Nijar, hukumar tseren keke ta ƙasa da ke Yamai ce ƙofar. Ana shiga ta hannun kulob, kuma abin da aka saba nema shi ne takardar haihuwa, hoto, takardar likita da ke nuna lafiyar zuciya da jiki, da yardar iyaye ga wanda bai kai shekara 18 ba. Takardar haihuwa tana da nauyi a nan fiye da yadda ake zato, domin da shekaru ake raba rukuni: ƴan 17 da 18 rukuninsu daban, ƴan 19 zuwa 22 nasu daban. Yaron ƙauye da ba a yi wa rajista ba lokacin haihuwa sai iyayensa sun nemo hukuncin kotu da ke maye gurbin takardar, kuma gara a yi haka tun kafin a kira shi wata gasa.

Filayen da ke Afirka

Nijar ba ta da belodurom mai rufi. Mafi kusa shi ne na Abuja, a harabar babban filin wasa na Moshood Abiola. An gina shi domin wasannin Afirka na 2003, fagensa na katako ne mai mita 250, kuma a can aka yi gasar tseren fage ta nahiyar Afirka a 2022. Akwai na birnin Alƙahira a Masar, wanda ya karɓi gasar duniya ta matasa a 2021, da na Bellville kusa da birnin Cape Town a Afirka ta Kudu.

Ƙarancin filaye da tsadar kayan aiki ne suka bar nahiyar a baya a wannan fanni. Labarin Ese Ukpeseraye ya nuna haka. Ita ce ta wakilci Najeriya a tseren keke a wasannin Olamfik na Paris a 2024, kuma da aka ba ta gurbi a tseren fage sai ƴan tawagar Jamus suka ara mata keken da ta hau.

UCI na da cibiyar horaswa a Aigle tun 2002, mai fage na mita 200, inda take karɓar matasa daga ƙasashen da ba su da kayan aiki. Biniam Girmay na Iritiriya ya bi ta wannan cibiya kafin ya lashe koriyar riga a gasar Tour de France ta 2024. Hukumomin ƙasashe ne ke gabatar da sunayen matasa, bisa sakamakon da suka samu a gasa. Wannan ya kamata iyaye su riƙe da kyau: gurbin horo ba abin sayarwa ba ne. Duk wanda ya zo yana neman kuɗi da alkawarin kai yaro tseren keke a Turai, a fara tuntuɓar hukuma a Yamai kafin a sayar da ko akuya ɗaya.

Daga Filinge, ta ina ake farawa?

Tsakanin Filinge da Yamai kusan kilomita 180 ne ta hanyar Baleyara. Tsakanin Filinge da fagen katako mafi kusa kuwa akwai iyakar ƙasa, takardun tafiya da kuɗin da iyali kaɗan ke iya ɗauka. Hanyar da ta fi yiwuwa ita ce wadda akasarin ƴan tseren Afirka ta Yamma suka bi: kulob, lasisi, tseren titi a cikin gida, sannan gasa a maƙwabta irin Tour du Faso da ake yi a Burkina Faso tun 1987. Wanda ya yi fice a nan shi ne ake iya zaɓa zuwa horon fage. Ɗaliban Nijar da ke karatu a Faransa hanyarsu ta fi sauƙi, domin hawan gwaji a buɗe yake ga kowa, kuma ana ba da hayar keke da hula.

Kafin nan, wani ɓangare na abin da ake dubawa a jarrabawar izini ana iya koyonsa ba tare da katako ba. Matasa huɗu ko biyar, da kekuna masu burki da huluna, a fili mai tauri ko hanya marar motoci da sanyin safiya, suna iya koyon tafiya a layi da tazara ɗaya, karɓa-karɓar gaba, da rage gudu da ƙafa maimakon burki. Atisaye mafi amfani shi ne mafi sauƙi: a ja layi a ƙasa mai tsawon taku hamsin, a bi shi ana waiwaye ta kafaɗar dama ba tare da taya ta sauka daga kansa ba. Mutane da yawa da suka shekara ashirin a kan keke ba sa iya wannan a gwajin farko.

Abu ɗaya ne ba a kwaikwaya. Kada kowa ya cire burkin kekensa don ya ga an yi haka a talabijin. A fage babu burki ne saboda kowa gefe ɗaya ya nufa, babu amalanken jaki, babu garken shanu, babu yaron da zai tsallako hanya. A kan hanyar Tukunus ko ta Bonkuku duk waɗannan suna nan, kuma mai keken da ba ya iya tsayawa haɗari ne ga kansa da ga jama'a.